Sayen Jif Tokumbo: Haruffan Da Muke Saye Da Waɗanda Muke Ƙin Karantawa

Tun da na fara koyar da kimiyyar harshe a jami'a, akwai darasin da nake yi wa 'yan aji ɗaya kowace shekara, wato cewa babu wata igiya da ta ɗaure suna da abin da aka raɗa wa shi. Masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Ferdinand de Saussure, wanda ya rasu a 1913, shi ne ya fi kowa fito da wannan batu fili. Jama'a ne suka yarda a kira doki doki, da sun ga dama da sun kira shi da wani sunan, kuma hakan ba zai hana shi haniniya ba. Na yi shekaru ina nanata wannan a gaban allo, ina kuma ba da maki a kansa. Sai a bara, da na shiga filin dillalan motoci a Kano da kuɗin da na shekara huɗu ina tarawa, haɗe da rancen da na ci daga asusun taimakon kai da kai na ma'aikata, na gane ashe ni kaina darasin bai shige ni ba. Saura ƙiris in zubar da miliyoyin naira saboda wasu haruffan roba masu ƙyalli da aka manna wa bayan mota da gam.

Kafin mai karatu ya ce malamin makaranta ya shiga sahun masu neman a sani, bari in kare kaina. Tsohuwar motata ƙarama ce, ta yi mini hidimar shekara goma sha ɗaya, amma duk damina sai ta bar wani abu nata a hanyar garinmu, in ba salansa ba to bamba. Mahaifiyata ta manyanta, kuma ni nake ɗauko ta zuwa asibiti a birni duk wata. Ga yara biyar da uwarsu. A irin hanyoyin da muke da su, mota mai tudu ta tashi daga abin ado ta koma abin buƙata, kuma wannan kaɗai ya isa abin kunya ga waɗanda aka damƙa wa amanar hanyoyin. Amma wannan zance ne na wata rana.

Mai nazarin harshe ba ya shiga kasuwar mota ya fito hannu rabbana, ko da bai sayi komai ba. Dubi kalmar "jif" kanta. Sunan wata ƙaramar motar sojan Amurka ce ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya zama sunan kamfani, amma a bakin Bahaushe kowace mota mai tudu jif ce, ko Toyota ce ta ƙera ta ko Honda. "Tokumbo" kuwa aro ne daga Yarabanci, suna ne da ake raɗa wa yaron da aka haifa a ƙetaren teku aka dawo da shi gida. Kafin ita akwai "Beljiyam", saboda tashar ruwan Antwerp da ake lodin motocin Turai, akwai kuma "'yar Kwatano", saboda tashar da ake sauke su a Jamhuriyar Benin. Abin lura shi ne, dukkan waɗannan kalmomi suna faɗa maka ta inda mota ta biyo, babu ɗaya da ke faɗa maka abin da ya same ta kafin ta biyo. Muna da "gwanjo" da "kwance" a harshenmu, amma ba mu yarda mu liƙa wa mota su ba, domin babu mai son a ce ya hau gwanjo.

To, a kan wannan ruɗani na sunaye sai kamfanonin suka ƙara nasu. Kowane samfurin mota suna fitar da shi mataki-mataki. Alal misali, Toyota RAV4 da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 2013, wadda ita nake nema, tana da LE a ƙasa, XLE a tsakiya, sai Limited a sama. Honda CR-V ta wannan zamani tana da LX, EX da EX-L. Ka lura babu kamfanin da ke rubuta wa motarsa "ta talaka". Wadda ke can ƙasa ma, an ce harafin L ɗin da ke jikinta daga kalmar Ingilishi mai nufin alatu aka ciro shi. Ita kuwa Limited, ma'anarta ƙayyadaddiya, alhali dubbai ake ƙerawa. Dillalanmu sun dunƙule wannan duka a magana ɗaya da suke faɗa da murya ƙasa-ƙasa kamar sirri: "ful ofshin".

Abin da dillali ba zai yi saurin gaya maka ba shi ne, a wannan RAV4 ɗin, LE da XLE da Limited duk inji ɗaya gare su, mai silinda 4 da lita 2.5, giyarsu ma iri ɗaya ce, mai hawa 6. Na'urar da ke hana mota zamewa a kwana ba ta cikin abubuwan da ake fifita wani mataki da su, domin dokar Amurka ta wajabta ta a kan kowace ƙaramar mota tun daga samfurin 2012. Bambancin yana wajen jin daɗi. Ta tsakiya tana da rim na alminiyam, da fitilun hazo, da rufin gilashi mai buɗewa, da na'urar sanyaya ɗaki da direba da na gefensa kowa ke saita tasa. Ta sama ta ƙara da rim mai inci 18 maimakon 17, da ƙofar baya mai buɗe kanta, da maɓallin tayar da inji ba tare da murɗa makulli ba, da kujeru masu ɗumama mazaunin mutum. Na tsaya a kan wannan na ƙarshe na yi tunani. A Kano, a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, wai in biya ƙarin kuɗi domin kujera ta gasa ni.

Akwai kuma maganar "leda sit". Wannan ta ba ni dariya ni kaɗai a tsakiyar fili. Kalmar Ingilishi ta fata ce Bahaushe ya ara ya mayar "leda", ya kuma sauya mata ma'ana ta koma jakar roba da ake ƙulla ƙosai a ciki. Shimfiɗar kujerun RAV4 Limited ta waɗannan shekaru kuwa ba fatar dabba ba ce, haɗin masana'anta ne, kamfanin ma bai ɓoye ba. Ke nan da dillali ya ce mini kujerun leda ne, da Hausa gaskiya ya faɗa, da Ingilishi ne ya kauce.

Bari in zo ga abin da ya faru da ni. A fili na uku da na shiga, wani dillali, dattijo mai fara'a da carbi a hannu, ya nuna mini wata fara sol, tana sheƙi. "Dakta, wannan ita ce daidai da kai," in ji shi. "2016 ce, Limited, wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, daga gida sai coci. Mutum kamarka ai bai kamata ɗalibai su gan shi a LE ba." Na rantse da na ji wannan magana ta ƙarshe sai da wani abu ya motsa a zuciyata. Na zagaya motar sau biyu, na shafa haruffan nan na baya, har na fara lissafin yadda zan ƙara cin wani bashin in cike gibin. Allah Ya taimake ni na tafi da bakanikena, wanda ko sakandare bai gama ba. Shi bai ko kalli bayan motar ba. Ya tafi gaba, ya leƙa ƙasan gilashi ta ɓangaren direba, ya kira ni ya ce, "Malam, kai ne mai karatu, ƙirga mini zuwa na goma." Na ƙirga. Harafin D ne. Ya ce, "To, 2013 ce. Fuska aka sauya mata."

Wannan lamba da ya nuna mini ita ce lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, tsarin da aka daidaita a Amurka tun 1981. Kowane gurbi a cikinta yana da aikinsa. Na farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, J Japan. Na goma yana nuna shekarar samfuri: D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, haka har gaba. Ba a amfani da I da O da Q don kada a rikita su da 1 da 0. A matsayina na mai nazarin harshe, ban taɓa ganin jimla mai tsari irin wannan ba, ba ta da karin magana, ba ta da zambo, ba ta da kirari. Kamfanin ya sauya wa RAV4 fuska a samfurin 2016, su kuma masu gyaran jikin mota a ƙasar nan sun ƙware wajen cire bamba da fitilun tsohuwa su ɗora na sabuwa. Haruffan Limited kuwa, duk wanda ya san Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya san ba su fi ƙarfin aljihun yaron shago ba. Da muka sa lambar a intanet muka biya 'yan kuɗi kaɗan aka fito mana da tarihinta, sai ga hotunanta a filin gwanjon motocin inshora a Amurka, gabanta a rugurguje, jakunkunan iska biyu a fashe suna reto. Kuma LE ce.

Ban zargi dattijon nan da cewa shi ya yi aikin ba. Mai yiwuwa shi ma haka aka kawo masa, domin kafin mota ta iso filin Kano takan bi hannu huɗu ko biyar. Da na nuna masa hotunan a waya sai ya yi salati, ya ce, "Dakta, ai an gyara." Wannan amsa ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. An gyara me? Bamba da fenti ido na gani. Amma jakar iska da ta fashe, sau da yawa ɗinke murfinta ake yi a liƙe, a kashe fitilar gargaɗin da ke dashbod, mota ta fito kamar amarya. Ranar da za a gane babu komai a cikin sitiyarin, ranar ce da ba a fatan gani, a hanyar Zariya ko ta Wudil, da iyalin mutum a ciki.

Ba hatsari kaɗai ke turo mana motoci ba. Duk lokacin da guguwa ta afka wa kudancin Amurka, kamar Katrina a 2005 ko Harvey da ta nutsar da birnin Houston a 2017, motoci masu ɗimbin yawa kan kwana cikin ruwa, kamfanonin inshora su biya masu su, su yi gwanjonsu. Motar da ta sha ruwa takan tashi lafiya, ta yi wata shida tana tafiya, sannan wayoyinta su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya. A nan ne Limited ta gaske ma takan zama alaƙaƙai, domin gwargwadon yawan na'urori gwargwadon yawan abin lalacewa. Waɗanda suka fito daga Kanada da arewacin Amurka kuwa, gishirin da ake watsa wa titi don narkar da ƙanƙara yakan ci ƙarƙashinsu, sai an hau da su kan rami ake ganin tsatsar. Sannan ga batun jakunkunan iska na kamfanin Takata, waɗanda aka gano suna iya fashewa su watsa ɓarɓashin ƙarfe a fuskar direba, musamman a wurare masu zafi da laima. An yi kiran a dawo da miliyoyin motoci a sauya musu, kiran da ba a taɓa yin irinsa ba a tarihin Amurka, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Cikin motocin da abin ya shafa akwai tsofaffin CR-V da RAV4 irin waɗanda suka cika titunanmu. Hukumar kiyaye haɗurran manyan hanyoyi ta Amurka tana da shafin da mutum zai sa lambar shasi ya ga ko akwai gyaran da ke jiran motarsa, kyauta. Mu nawa ne muka taɓa dubawa?

A 2020 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018, Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka, 40 cikin 100. Wato mu ne ƙarshen layi. Abin da ya iso nan ba ya komawa.

Sai kuma abin da ke samun mota bayan ta sauka. A cikin bututun hayaƙi akwai wata na'ura mai tace hayaƙi, cikinta kamar saƙar zuma, wadda masu gyara suka raɗa wa "indomi" saboda kamarta da taliyar yara. Tana ɗauke da ma'adanai masu tsada, don haka akan farke ta a sayar tun mota ba ta bar Legas ba. Akan kuma mayar da agogon tafiya baya. Ko ba a taɓa shi ba ma, motar Amurka da mil take ƙirge, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka 100,000 da ka gani 160,000 ne a lissafinmu. Taya ma tana da ranar haihuwa, alƙaluma huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara.

Takardu su ma harshe ne, kuma su ma suna ƙarya. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a Agusta 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya har zuwa Disamba 2020, sannan a 2022 hukumar kwastam ta koma ƙiyasta kuɗin fito ta hanyar lambar shasi. Duk da haka motocin fasa-ƙwauri ba su ƙare ba, kuma wanda aka tare a hanya da takardar bogi shi ne mai asara, ba wanda ya sayar masa ba. Na san wani abokin aiki da motarsa ta yi watanni a tsare a kan haka, yana biyan bashinta yana hawan adaidaita sahu.

To me ya sa na tsaya a kan matakin tsakiya, ban sauko LE ba gaba ɗaya, tunda na ce inji ɗaya ne? Wani abokina a sashen lissafi ya yi mini wannan tambaya, kuma yana da gaskiyarsa. Idan aka ajiye LE mai tsaftataccen tarihi da XLE mai shakku, ko minti ɗaya ba zan ɓata ba, LE zan ɗauka. Amma idan tarihi ya yi daidai, ta tsakiya tana ba ka abubuwan da za ka yi amfani da su kullum, kamar fitilun hazo a lokacin hunturu, ba tare da ta ɗora maka waɗanda za su zame maka haraji ba. Tayar inci 17 ta fi ta 18 kauri a gefe, ta fi jure rami, ta fi sauƙin kuɗi. Ƙofar baya da hannu ake ɗagawa ba ta da motar lantarki da za ta ƙone. Makullin murɗawa idan ya ɓata, asararsa ba ta kai ta na maɓalli ba. Kujerar yadi ba ta tsagewa a rana. Kuma ranar sayarwa, ta tsakiya ba ta kwantai. Aibinta ɗaya a wajena shi ne rufin gilashin nan, wanda ƙurar hunturu kan toshe magudanansa, damina ta zo ruwa ya sauko wa mutum a ka. Na kuma koyi cewa ba kowace jif ce ke ja da ƙafa huɗu ba, da yawansu tayoyin gaba ne kawai ke aiki, kamar kowace ƙaramar mota. Wanda zai shiga yashi ko laka ya leƙa ƙarƙashi ya tabbatar.

Ba na so in yi kamar wannan duka wayo ne kawai, akwai tilas a ciki. Malamanmu da suka koyar da mu suna ba mu labarin shekarun 1970, lokacin da matashin malamin jami'a kan karɓi rancen mota ya sayi Peugeot 504 sabuwa dal, wadda aka haɗa a Kaduna, inda aka fara aiki a 1975. Yau mai digirin digirgir, bayan shekara ashirin yana aiki, yana tsaye a rana yana ciniki a kan motar da wani ya yi watsi da ita shekara goma da suka wuce. Yajin aikin wata takwas na 2022 ya cinye ajiyar da yawa daga cikinmu. A 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira, dalar da hukuma ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a farkon 2024. Tankin RAV4 lita 60 yake ci. Lokacin da lita take ƙasa da naira 200, 12,000 ta isa a cika shi. A ƙarshen 2024, da lita ta haura 1,000, sai da 60,000. Wanda ke hangen Highlander mai silinda 6 da lita 3.5 don a ce ya isa, ya fara yin wannan lissafi tukuna. Sayen doki ba wuya, ciyar da shi ne aiki.

A irin wannan hali, kuskure ɗaya a filin mota yana nufin bashin shekara uku a kan abin da ke kwance a garejin bakanike. Shi ya sa nake ganin bai kamata a bar mai saye shi kaɗai da dillali da Allah ba. Tunda kwastam ta riga tana karɓar lambar shasin kowace mota don ta ƙiyasta kuɗinta, me zai hana a wajabta rubuta a takardar fito cewa wannan mota ta hatsari ce ko ta ambaliya, yadda bayanin zai bi ta duk inda ta je? Muna da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wadda aka sa hannu a dokarta a 2019. Sauya wa mota fuska a sayar da ita da shekarar da ba tata ba, ha'inci ne ƙarara, a shari'a da a doka, kuma ba ya buƙatar dogon bincike, harafi ɗaya ne za a duba. Ƙungiyoyin dillalai su ma suna da abin yi, domin akwai masu amana da yawa a cikinsu, kuma wake ɗaya ne ke ɓata gari. Asusun ma'aikata da ke ba mu rance kuwa, ba zai yi asarar komai ba idan ya ce sai an kawo rahoton tarihin mota da shaidar kwastam kafin ya saki kuɗi.

Amma rabin laifin namu ne, mu 'yan boko. Mu ne za mu kwana muna tantance waƙafi a takardar ɗalibi, amma mu ji nauyin durƙusawa a gaban jama'a mu karanta lamba a gindin gilashi, kada a ce Dakta ba shi da wadatar zuci. Dillalin nan bai yi mini maganar inji ba, maganar ɗalibai ya yi mini, domin ya san inda ke mana ƙaiƙayi.

Bayan mako biyar da fili tara, na sayi XLE ta 2014, ruwan toka, harafi na goma E, ƙirar Kanada. Rahotonta ya nuna mutum biyu ne suka mallake ta, kuma an taɓa bugun ta a baya bugu marar ƙarfi. Mai ita ya gaya mini haka da bakinsa kafin in tambaya, abin da ya sa na ƙara natsuwa da shi. Mun hau da ita rami, mun jona mata kwamfuta, mun ga fitilar jakar iska ta kama ta kuma mutu da kanta kamar yadda ya kamata, na kai takardunta ofishin kwastam aka tabbatar. Tayoyinta biyu sun tsufa, na sa aka rage kuɗinsu a ciniki. Da na kai ta gida, babban ɗana ya zagaya baya ya duba, ya ce, "Baba, ai X ɗin ya faɗi." Na duba, haka ne, saura LE da tabon gam a gefe. Har yau ban sayi wani ba, ko da yake bakanikena ya ce akwai shi a Ƙofar Ruwa.